Shida Cikin Goma

Cordell Haygood yana cikin juya faten masararsa da cokali, Koci Brubaker ya jawo kujera ya zauna a gabansa, ko gaisuwa babu.

"Yaya kan?"

"Yana nan inda na bar shi, Koci."

"Ka dai san mu nan lafiyar ɗan wasa ita ce gaba da komai. In ba ka jin daidai ka huta, ba mai ganin laifinka." Ya miƙa hannu ya ɗauki gasasshen burodi a farantin Cordell, ya gatsa. "Ga Whitlock nan, yaron yana ƙoƙari ƙwarai."

Cordell ya ci gaba da juya fatensa. Shekara goma sha ɗaya yana cin abinci da ƙwallon zari-ruga irin na Amurka, ya ga koci bakwai, dukansu bakinsu ɗaya. Kowannensu yana ƙaunar lafiyarka, har ranar da ya sami wanda ya fi ka araha. Shi kuwa Brubaker, rabonsa da a buge shi tun yana sakandare, amma ya fi kowa iya cewa a daure. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Cordell shi ne mai tsaron tsakiya. Yana tsayawa a bayan ƙattin layin gaba, ya karanci abin da abokan karawa suka ƙulla, ya tarbi mai gudu da ƙwallo ya maka shi da ƙasa. A hular kwanonsa kaɗai ake sa 'yar lasifikar da koci ke magana ta ciki, shi kuma ya gaya wa sauran mutum goma inda kowa zai tsaya. Lahadin da ta wuce ya yi karo da wani ƙato kai da kai, ya miƙe ya nufi bencin abokan karawa a gaban mutum dubu sittin, sai da alƙalin wasa ya juyo da shi. Yau Alhamis. In likitar ƙwaƙwalwa ba ta sa hannu a takardarsa ba, Jace Whitlock ne zai sa hular ran Lahadi. Shekarun Cordell talatin da uku, kwantiraginsa bana zai ƙare, kuma bai taɓa ganin hular da ta hau kan ɗan ashirin da uku ta dawo wa tsoho ba.

Koci na tashi, sai ga Whitlock ɗin da kofinsa na ruwan alayyafo. Dogo ne, mai haƙora a jere kamar na masu talla, ɗan wani likitan haƙori daga unguwar da ake shayar da ciyawa ruwa fiye da mutane.

"Tsoho, kar ka ce na yi shisshigi. Na karanta cewa in bugu na biyu ya zo kafin na farko ya warke..."

"Ka karanta? Madalla. In ka gama karatun, ka koyi tarbar mutum ido buɗe. Na ga hoton wasan nan, runtse ido ka yi kamar za a yi maka allura."

"Wallahi don kai nake faɗa."

"Na sani mana. Da kai da Koci, ƙaunata ta hana ku sakat. Sha ganyenka, yaro."

Ya bi shi da kallon hadarin kaji har ya fita. Abin da ya fi ba shi dariya game da yaron nan, jarrabawar Yuli ce. Kowace shekara kafin a fara wasanni, ana kiran 'yan wasa ɗaya bayan ɗaya, lokacin kan kowa garau. Likita ta karanto kalmomi goma ka maimaita, ka lissafo watanni daga ƙarshe zuwa farko, ka tsaya da ƙafa ɗaya ido rufe, can kuma ta sake tambayarka kalmomin. Sai a adana makinka. Ranar da aka buge ka a ka, a sake yi maka, a gwada da na Yuli. In ka gaza na Yuli, benci. To wannan dolon ya shiga ya ci goma cikin goma, har yana fitowa yana nuna wa mutane. Yanzu ko mura ta kama shi ya ci takwas, zaunar da shi za a yi.

Shi Cordell tun shekararsa ta farko wani tsohon hannu ya ja shi gefe ya koya masa. A Yuli ba a nuna wayo. Ka riƙe goman a ranka, ka faɗi shida. Kada ka faɗi uku, za su gane da gangan ka yi. Shida dai, kana sosa ƙeya, kana kallon rufi. A wajen watanni ka ɗan yi tuntuɓe sau ɗaya. Shekara goma sha ɗaya yana ba su shida, shi da ke da littafin dabarun wasa mai shafi ɗari uku a ka. Likitoci biyar sun zauna a gabansa da takardun digirinsu a bango, sun rubuta shida, suna yi masa kallon tausayi, ga wani baƙin ƙato daga karkarar Misisifi da Allah ya ba shi ƙirji ya hana shi kai. Shi kuwa ya fito ya yi ta dariya a mota.

Ƙarfe goma ya ƙwanƙwasa ƙofar Dakta Lindqvist. 'Yar siririya ce mai furfura, daga wani asibiti a cikin gari ake ɗauko ta don a ce ba ta cin albashin ƙungiya.

"Zauna, Mista Haygood. Za ka cire baƙin gilashin?"

Ya cire. Hasken fitilar ya soke shi har ƙeya, ya yi murmushi.

"Ciwon kai?"

"Babu."

"Jiri? Tashin zuciya?"

"Sai in na ga fuskar Koci da safe."

Ba ta yi dariya ba. Wannan ma wani abin haushi ne game da likitocin nan, ba su san raha ba sai rubutu.

Tun a hanya ya gama lissafinsa. Haɗarin yau ɗaya ne, kada ya shagala ya zarce. In ya faɗi tara ko goma, matar nan za ta gane shekara da shekaru wasa yake yi da hankalinsu. Bakwai zai ba ta, ta ga har ya ƙara lafiya, ta sa hannu kowa ya kama gabansa.

Ta karanto kalmomin a hankali, ya bi ta. Sannan ta ce watanni.

"Disamba, Nuwamba, Oktoba..." Ya tsaya. A nan ya saba yin tuntuɓen ƙarya, to amma yau bai yi niyya ba. Ya san akwai wani wata a wurin, ya san ma a cikinsa aka haifi 'yarsa. Ya leƙa wurin ya tarar da shi wayam. "Oktoba... Satumba." Ya ƙarasa sauran da sauri.

Ya tsaya da ƙafa ɗaya, ya rufe ido. Ɗakin ya karkata, ya danne da ƙarfin cinya, irin na wanda ya saba tare mutum mai nauyin buhu biyu.

"To, kalmomin nan goma na ɗazu. Faɗo waɗanda ka tuna."

"Kyandir. Sirdi. Lemo." Suka fito sumul, ya gyara zama. "Gada."

Daga nan kalmomin suka ƙafe. Ya sosa ƙeya, ya kalli rufi, daidai yadda yake yi kowace Yuli, sai dai a Yuli sauran shidan suna jere a ransa yana zaɓen wanda zai bayar. Yau ya laluba ko'ina, babu. Gumi ya tsattsafo masa a hammata. Wani tsoro ya kama shi wanda bai taɓa jin irinsa a fili ba, ko ranar da gwiwarsa ta juya baya.

"Ba sauri muke ba," in ji ta.

"Na sani, Dakta. Bargo." Ya matse hannun kujera. Ya ji agogon bango, ya ji usur ɗin Koci daga filin atisaye, ya ji muryar Whitlock yana gaya wa 'yan wasa inda kowa zai tsaya. Ya ƙwaƙulo har ƙasan kansa. "Madubi."

"Akwai saura?"

Ya yi minti guda cur yana lalube. Duk ƙarfinsa ya sa, bai rage komai ba.

"Shi ke nan."

Ta juya ga na'urarta, ta duba, ta gyaɗa kai. "Shida. Na Yuli ma shida. Na bara shida. Har a watanni, wuri ɗaya ka tsaya. Ban cika ganin mai daidaito irin naka ba, Mista Haygood."

"Haka Allah ya yi ni."

Ta ɗauki biro, ta ɗora a kan takardar, ba ta rubuta ba. Ta ɗago ta dube shi ta saman gilashinta.

"Ni abin da zan iya gwadawa da shi, abin da ka ba ni ne a Yuli. In wancan gaskiya ne, kanka lafiya lau. Iyakar ƙoƙarinka ka yi a lokacin?"

Ya dubi matar. Kalma ɗaya ce tsakaninsa da benci, kuma ya san ta san haka. Sai ya ji haushinta ya taso masa, don me sai yau ta ga damar yin wayo, bayan shekara uku tana haɗiye abin da ya ba ta.

"Dakta, ni ba ɗan boko ba ne. Abin da kaina ya iya ke nan."

Ta sa hannu, ta miƙa masa. Ya mayar da baƙin gilashinsa, ya kai bakin ƙofa, ya kama mariƙin. Sai ya juyo, yana ƙoƙarin sa wasa a muryarsa.

"Wai ni kam, sauran huɗun nan, mene ne da mene ne?"

Ta duba takardarta. "Albasa, taga, ƙugiya, gishiri."

Ya tsaya yana jiran zuciyarsa ta ce af, ai kuwa su ne. Zuciyar ba ta ce ba. Da za a ba shi Littafi Mai Tsarki ya dafa, zai rantse matar nan ba ta taɓa furta ko ɗaya daga cikinsu a ɗakin nan ba.

"Ƙwarai kuwa," in ji shi. "Suna bakina."

Ya ninke takardar biyu, ya nufi fili ya kai wa Koci.