Kiri-kiri a Masaukin Alhaji Atiku

Daminar da kurkunu ya kwantar da Sabitu, ruwa bai tsagaita ba a Dutsin-Ma. A lokacin Turawa ba su tafi ba tukuna. Sabitu shi ne mai gadin masaukin Alhaji Atiku, wani attajiri mai fataucin hatsi, wanda ya sa aka shimfiɗe tsakar gidan da faffaɗan duwatsu don kada baƙinsa su taka laka. Ladan aikinsa shi ne ɗaki a bayan gida da geron da ake auna masa duk wata. Abu ɗaya Alhaji ba ya yafewa, ya ga ciyawa tsakanin duwatsun nan. A kanta aka sallami wanda ya riƙe aikin kafin Sabitu.

Alhaji ya daɗe a Kurfi wajen harkokinsa, ƙafar Sabitu kuwa ta kumbura har ba ya iya taka ta. Kiri-kiri, ciyawar nan mai yaɗo, ya samu sake, ya bi kowace tsaga ya miƙe. Sai ga saƙo, wai Alhaji na nan tafe ranar kasuwa tare da babban baƙo.

Turai, matar Sabitu, tana da tsohon ciki. Gonarsu ta Birchi an sayar tun mutuwar mahaifinsa, in an kore su ba ta san inda za ta haihu ba. Ta ɗauki tsohuwar wuƙa ta nufi ƙofa.

Sabitu ya ce, "Bari in ja jiki in gwada."

"Malam, kwanta. Jiya da ka gwada har gari ya waye kana nishi."

Durƙuso ya gagare ta, sai ta zauna dirshan a kan dutse tana jan gindi daga tsaga zuwa tsaga. Ciyawar takan tsinke a hannu, saiwar ta zauna a ƙasa. Ta gama ɓangaren zaure, aka kwana biyu ana yayyafi, ta fito ta tarar ya sake yin kore.

Ta leƙa ta katanga wajen maƙwabciyarsu Mairo, dattijuwa mai daddawa.

"Inna, me ke kashe kiri-kiri?"

"Toka da ruwan kanwa. In ya ƙi, ki dafa shi da tafasasshen ruwa. Amma 'yar nan, da cikin nan?"

"To wa zai yi, Inna?"

Mairo ta ba ta tokar murhunta duka. Turai ta cusa ta a tsagogin, ta bi da ruwan kanwa. Da la'asar hadari ya haɗo ya wanke komai, tsakar gidan ta koma baƙa ƙirin. Sai da ta yi wuni tana goge duwatsun da tsumma, ciyawar kuwa ko sunkuyawa ba ta yi ba.

Ta koma ga ruwan zafi. Itacen girkinsu ya ƙare, ta shiga zare karan dangar banɗakinsu. Wannan ya ci, inda ta zuba ciyawar ta yi laushi ta koma ruwan ƙasa. Amma tulu ɗaya taku kaɗan yake kaiwa, rijiya kuma tana da nisa. Ana gobe kasuwa, tana ɗauke da tukunya, ƙafarta ta zame a kan dutsen da ya jiƙe, ruwan ya kwarare mata a kan idon sawu. Ta zauna a wurin ta cije gefen zanenta don kada Sabitu ya ji. Da zafin ya lafa ta ɗingisa ɗaki, ta ɗauko ɗan gishirin miyarsu, ta barbaɗa a tsagogin da suka rage. Ranar tuwo suka ci da miya lami.

Alhaji ya iso da hantsi, tare da wani Alhaji Labaran na Kurfi. Turai ta ja mayafi ta durƙusa daga bakin ɗaki ta gaishe su. Ba wanda ya dubi ƙasa. Baƙon yana ta auna faɗin gidan da ido.

Ya ce, "Duwatsun nan za a ɗebe. Nan zan tara buhunan gyaɗa, can a yi rumfa."

Alhaji Atiku ya juyo. "Ina Sabitu? Ki gaya masa na sayar da gidan."

"Ranka ya daɗe, yana kwance. Kurkunu ne. Ko Alhaji zai bar mu a gadin?"

Alhaji Labaran ya ce yana da mutuminsa da zai zo daga Kurfi, amma su zauna har Juma'a ta sama. Ya ga ƙafarta, ya ce a shafa mata man shanu.

Sabitu ya ji komai daga ciki. Da ta shigo, ya kama ƙafar tata yana dubawa.

Mijin Mairo ya ara musu jaki. Sabitu a kai, Turai a ƙasa da ƙullin kaya, suna tafiya suna hutawa, suka nufi Birchi gidan yayanta, wanda bai san suna zuwa ba.