Dalar Faransa ko ta Ingilishi

"Akwai mai bin mamacin nan bashi?"

Liman ya yi tambayar ne don al'ada, yana gyara rawani. Gawar Kalilu mai gishiri na gaban sahu cikin tabarma, rana ta take, mutanen Magama na so a gama.

"Akwai. Dala ɗari."

Lado bai waiwaya ba, ya san muryar. Ɗanmaraya ne, wanda sana'arsa bi wa attajirai tsofaffin basussuka su ba shi kashi. Sana'a ce ta marar kunya, kuma ya iya ta. Wata uku yana zarya ƙofar Kalilu, mutumin na kwance ciki yana tari.

Katanga ɗaya ta raba Lado da Kalilu shekara ashirin. Shi ya rufe masa ido da hantsi, kuma har yanzu bai ji komai ba, kamar an cushe masa ƙirji da auduga. Amma maganar ya san ta. Shekara bakwai ke nan Kalilu ya ɗauko gishiri bashi a Maraɗi, inda dala ba ta wuce faran biyar na kuɗin Faransa ba, ya ce ya biya da kaka. A nan kuwa dala sule biyu ce.

"Wace dala?" in ji Lado.

"Dala dai, malam. Ga takarda." Ya ɗaga wata 'yar takardar ajami da ta sha ninki. "Fam goma."

"Ta Faransa, ɗarin duka da ƙyar ta kai fam guda. Kuma ya biya."

"Tashe shi ya faɗa."

Wata tsohuwa ta leƙo daga zaure ta ce Hajo, matar mamacin, ta ce a kwance jakunan Kalilu biyu a ba Ɗanmaraya, kada a sa mata miji a ƙasa da nauyi a wuya. Jakunan kaɗai ya bar mata. Ranar da Ɗanmaraya yake jira ke nan.

"A bar jakai inda suke," Lado ya ce. "Liman, ka shaida, jama'a ku shaida. Ko mi ake bin shi, ya dawo wuyana. Kalilu ya fita."

"An shaida."

Sai yanzu Lado ya juyo wajen Ɗanmaraya. "Kai kuma, ni ba takaba nike ba. Mu haɗu gaban alƙali a Jibiya. Ka zo da maigidan naka, da shaidu biyu, ya dafa Alƙur'ani ya faɗi wace dala."

Ɗanmaraya ya dubi takardar, ya dubi zauren. "Tsohon ai ba ya iya tafiya."

"To, in ya warke."

Liman ya ce a daidaita sahu. Ɗanmaraya ya cusa takardar a aljihu, ya nemi gurbi, bai samu ba sai kusa da Lado. Kafaɗarsu ta haɗu. Aka ɗaga hannu. Wani ƙuda ya sauka a bakin tabarmar, Lado ya bi shi da ido har aka yi kabbara ta huɗu.