Hoton Kafin

Haulatu ta gane Murja tun ba ta ɗage niƙabi ba. Tafiyar ce ta tona ta, wannan rangaji na macen da ta saba a bi ta da kallo. Ta shigo shagon gyaran fuska na Haulatu da ke bayan kasuwar Daura, ta yi sallama can ƙasa-ƙasa, ta raɓe a bakin benci kamar wadda ta zo gaisuwar rasuwa.

Murja 'yar kawun Haulatu ce, wato taubashiyarta. Duk wanda ya tashi a ƙasar nan ya san hukuncin taubashi: ya tsokane ka, ya yi maka tatas a gaban jama'a, in ka ɓata rai kai ne marar tarbiyya. Da wannan damar Murja ta yi wa Haulatu abin da ta yi.

Lokacin Haulatu tana budurwa ƙuraje sun yi wa fuskarta kaca-kaca, ga maiƙo, ko ta wanke da asuba hantsi na yi goshinta ya fara ƙyalli. Ita kuwa Murja ta kama sana'ar haɗin man bilicin, ta saro kwalabe daga Kongolam ta bakin iyaka, ta dama a roba, ta sayar wa 'yan mata. Ranar wani suna ta faki ido ta ɗauki hoton Haulatu tana cin tuwo. Ta jera shi da nata hoton, fara sol, ta rubuta "Kafin" a ƙarƙashin na Haulatu, "Bayan" a ƙarƙashin nata, ta ɗora a sitatus a matsayin talla. Magariba ba ta yi ba sai da hoton ya kai har garin Sandamu.

Haulatu ta kai ƙara gun mahaifiyarta tana kuka wiwi. Inna ta ce, "Haba ke kuwa, ai wasan taubasai ne." Kawu ya yi dariya har da buga ƙafa. Sunan kuwa ya manne. Mai kayan miya ya ce Kafin, 'yan acaɓa su ce Kafin. Sabiru, wanda yake zuwa zance wurinta, ya janye ƙafa, wai abokansa sun hana shi sakat.

Ba ta sake yi wa kowa kuka ba. Ta tafi Kano gun gwaggonta, ta koyi gyaran fuska a hannun masu sanin fata, ta fara da tata har ta yi sumul, ta dawo ta buɗe shago. Amma fuska ta warke, suna bai warke ba. Har yau in mace ta tambayi hanya, sai a ce mata, "Shagon Kafin kike nema?" Kullum ta ji, sai ƙirjinta ya yi zafi kamar ranar farko.

"Buɗe in gani," in ji Haulatu.

Murja ta ɗage niƙabin. Kumatun sun ƙone, baƙi ƙirin kamar gindin tukunya, goshin ya yi ja, fatar ta yi sirara har ana ganin jijiyoyi, ga ƙuraje sun yi layi a haɓa. Man da ta sayar wa mutane shi ya ci ta.

Daɗi ya kama Haulatu, daɗi na gaske, kuma ba ta ji kunyarsa ba.

"Bikina bayan ƙaramar salla ne," Murja ta faɗa tana murza gefen hijabi. "Dangin angona Mansur ba su ga fuskar nan ba. Don Allah, 'yar uwa, ki rufa mini asiri."

Haulatu ta sa safar hannu, ta jawo fitila, ta juya fuskar dama da hagu. Idonta ya sauka kan wata kwalba da ke bisa kantar shagon, maganin ɓare fata mai ƙarfi, wanda ake shafa wa fata mai lafiya don a fitar da tsohon tabo. A kan fatar Murja kuwa, shafa ɗaya ta isa ta bar mata shaidar da za ta shiga kabari da ita, kuma kowa zai ce man bilicin ne. Ta daɗe tana kallon kwalbar. Akwai tsoron Allah a cikin abin da ya hana ta, amma ba shi ne duka ba. In fuskar ta lalace, tausayin Murja za a ji, ita kuwa ba tausayi take nema mata ba.

"Za ta gyaru," ta ce. "Amma a shagon nan ba na taɓa fuska sai na ɗauki hoton kafin. Haka aikin yake."

Murja ta ce, "Ɗauki. Ai a wayarki zai zauna."

"A taki zai zauna. Ki riƙe robar man nan naki kusa da kumatunki, yadda kowa zai gane ta. Ki rubuta kalmar nan da kika iya rubutawa, ki ɗora a sitatus da hannunki."

"Haulatu, sana'ata ce fa za ta mutu."

"To ki tafi da fuskarki. Ƙofa a buɗe take."

Murja ta dubi ƙofa, ta dubi madubi. Madubin ya fi ƙarfinta. Ta fiddo robar daga jaka, ta ɗaga. Haulatu ta gyara fitila sosai don kada tabo ko ɗaya ya ɓuya, ta ce mata ta ɗan ɗago haɓa.

Daga nan ta yi aikinta tsakani da Allah, don ba ta wasa da hannunta. Ta raba Murja da bilicin kwata-kwata, ta sa ta wanki da sabulu marar zafi, ta riƙa share ƙurajen a hankali da auduga, ta hana ta matsa, ta hana ta fita rana ba man kariya. Mako na bin mako ƙunar ta dushe, maiƙon ya lafa, asalin launin Murja ya dawo, baƙa mai sheƙi irin mutanen gidan kawu. Gaskiya ta fi kyau a haka. Haulatu ta gani, ba ta faɗa mata ba.

Hoton kuwa ya yi tafiya fiye da na da. Matan da suka sayi man suka yi ta sintiri gidan kawu, kowa da fuskarta a hannu da baƙar magana a baki. Robobin da suka rage aka zubar a kwata.

Inna ta zo shago da kanta, ranta a ɓace. "Yanzu abin da kika yi wa 'yar ƙanina ke nan? Ubanta ko masallaci da ƙyar yake fita."

Haulatu ta shimfiɗa mata darduma, ta kawo ruwa, ta durƙusa kamar yadda aka koya mata.

"Haba Inna," ta ce a ladabce, "ai wasan taubasai ne."

Inna ta sha ruwan ta tafi.

Bayan biki, wata ranar kasuwa, Haulatu na tsaye tana zaɓen tumatir, sai ta ji mai kayan miya ya ɗaga murya, "Kafin, zo ga attaruhu mai kyau." Jikinta ya juya da kansa, saboda sabo. Amma mutumin ba ita yake kallo ba. Can gefen masu albasa, amarya Murja ce ta sunkuyar da kai tana sauri, ana yi mata dariya.

Haulatu ta juyo ta ci gaba da zaɓen tumatirinta, ɗaya bayan ɗaya, ba ta gaggawa.