Masanin da Ya Zo a Ƙunshin Ƙosai

A shekarun tsuke bakin aljihu, lokacin da sabulu da madara suka koma abin bin layi, gwamnati ta duba ta ga malaman firamare sun yi mata yawa, sai ta sallami wasu. Malam Uwaisu na cikinsu. Ya koma ƙauyensu da ke gefen Bagwai, ya ɗauki fartanyar da ya yi shekara ashirin yana gaishe ta daga nesa. Noman bai dame shi ba kamar rashin abin karantawa, domin shi mutum ne da ya taɓa yin shekara biyu a jami'a yana karatun falsafa kafin rasuwar mahaifinsa ta dawo da shi gida, kuma bai taɓa barin kowa ya manta da shekaru biyun nan ba.

Wata safiya a farkon damina ya sayi ƙosai a wurin Inna Rahmatu, tsohuwar da ke suya a bakin hanyar masallaci. Ta naɗe masa a wata takarda mai rubutun Turanci. Ya ci biyu, idonsa ya faɗa kan rubutun, sauran ƙosan ya huce a hannunsa. Marubucin yana cewa ba a haifar mutum a matsayin mutum, jama'arsa ce ke ƙera shi sannu a hankali, da suna da harshe da tsawatarwa. Daga misalan da ya kawo, har da jirgin sama da talabijin, Malam Uwaisu ya gane masanin na wannan zamanin ne, mai yiwuwa ma yana raye yana shan shayinsa a wata ƙasa.

Ya koma ya tambayi Inna Rahmatu inda ta samo takardar. Ta ce ɗanta direba ne ya sayo mata tsofaffin takardu a Kano, na wata kwaleji da aka rufe. Gara ta riga ta cinye saman shafukan da ƙasansu, babu suna babu lamba. A gida take yage su, ta fito da abin da zai ishe ta a yini. Ya nemi ta sayar masa gaba ɗaya, ta ce takarda ta yi wuya a ƙasar nan, mai son karatu ya sayi ƙosai.

Haka Malam Uwaisu ya zama mutumin da ya fi kowa cin ƙosai a gundumar. Abokansa biyu, Nababa tela da Dabo manomi, suka shiga taya shi: duk wanda ya ci, ya lallaɓa takardar ya kawo. Bayan la'asar su hallara a rumfar Nababa, Malam Uwaisu ya shimfiɗa shafukan a kan keken ɗinki, ya ɗaga su saitin rana saboda mai, yana fassara musu. Da yake ba su san sunan masanin ba, suka sa masa Malam Mai Maiƙo.

Abin da ya ɗaure wa Malam Uwaisu kai, daga baya kuma ya burge shi, shi ne halin mutumin. Yau ya kafa hujja cewa jama'a ita ce komai. Gobe sai ga shafi yana cewa jama'a suna ne kawai, ba a taɓa ganin jama'a ta kwana da yunwa ba, mutum ɗaya-ɗaya ne ke kwana da ita. Jibi ya dawo kan maganarsa ta farko kamar ba shi ba. Dabo, wanda ba a yin gayyar noma ba shi, ya riƙe maganar farko. Nababa, wanda kullum bayansa ke ciwo ranar gayya, ya riƙe ta biyu, ya ce tunda yake bai taɓa jin Bature mai hankali irin wannan ba. Malam Uwaisu ya ce duk ba su fahimta ba. Girman masanin, in ji shi, shi ne ba ya jiran abokin gaba. Da kansa yake gina katangarsa, da kansa yake rushewa, don ya ga wane tubali ne zai tsira.

A kan wannan ya rubuta maƙala mai shafi goma sha biyu a littafin rubutun 'yan makaranta. Tsohon abokin karatunsa, Dakta Abdussalam, yanzu malami ne a jami'a, kuma ya taɓa cewa in ya rubuta abu mai kyau zai sa masa a mujallarsu. Malam Uwaisu ya kai shekara arba'in da shida bai taɓa ganin sunansa a buge ba sai a takardar sallama. Wannan ita ce damarsa, kuma ya san ba za ta zo sau biyu ba. Ya shirya da direban motar Kano cewa ranar Litinin zai ba shi saƙo.

Ranar Lahadi ya je sayen ƙosai, ya tarar itacen Inna Rahmatu ya jiƙe, tana ta fifita wuta da wani jan kwali. Da hannunta ya gaji ta ajiye, ta ɗauko shuɗi. Ya ƙura wa kwalayen ido, ya ce ta ara masa ya gani.

"Bangon littattafan naka ne," in ji ta. "Su kam gara ba ta so su ba."

"Littattafai, Inna? Ba ɗaya ba ne?"

"Biyu ne mana. Wanda hannuna ya fara kaiwa shi nake yaga."

A bayan jan akwai hoton wani dattijo mai gemu da suna a ƙasa. A bayan shuɗin akwai hoton wata mata mai tabarau, da bayanin cewa ta rubuta littafin ne takanas don ta rusa na dattijon. Kamfani ɗaya ya buga su, da harafi iri ɗaya, a takarda iri ɗaya. Malam Uwaisu ya tsaya riƙe da su har Inna Rahmatu ta ce in ya gama gaisawa da su ya ba ta, wutarta na mutuwa.

A hanyar gida ya auna abin. Zai iya aika maƙalar yadda take, tunda babu suna a ciki, wataƙila ba wanda zai gane. Amma Abdussalam tun suna ɗalibai ba ya mantuwa, kuma ba ya iya riƙe dariya. Zai iya cusa ta a ƙasan akwati, ya ce direba ya ɓatar. Wannan ya fi sauƙi, sai dai shi ke nan an rufe zancen suna a mujalla.

Bayan la'asar ya faɗa wa abokansa gaskiya. Ya zaci za su yi ta yi masa tsiya har kaka, kuma sun yi ta kusan rabin sa'a. Nababa ya fi shiga damuwa da ya ji cewa wata uku yana bin bayan mace, ya ce dama ya lura hujjojin sun cika kaifi. Dabo ya share hawayen dariya da bakin rigarsa.

"To Malam, su biyun nan sun taɓa zama wuri ɗaya?"

"Da wuya. Da alama ko gaisawa ba sa yi."

"Ai kuwa a nan sun zauna wata uku a kan keken Nababa, ba wanda ya tashi."

Da asubar Litinin Malam Uwaisu ya yage shafin farko na maƙalar ya sake rubuta shi. Ya rubuta yadda takardun suka zo hannunsa, da gara, da mai, da kuskuren da ya yi, bai rage komai ba. Ya sa sunayen masanan biyu. Sauran shafi goma sha ɗayan ya bar su yadda suke, ya ƙara da cewa har yanzu yana ganin Malam Mai Maiƙo, wancan mutumin da babu shi, ya fi kowannensu gaskiya, domin kowannensu rabin magana ya riƙe yana ta tsaro. Ya kai wa direba, ya wuce gona.

Amsa ba ta zo ba sai da aka yanke gero. Abdussalam ya rubuto cewa mujallar ta daina fitowa tun bara, babu takardar bugawa. Ya ce ya yi dariya har maƙwabcin ofishinsa ya leƙo, sannan ya sake karantawa bai yi dariya ba. Ya sa an buga maƙalar a injin makaranta, kwafi arba'in, ya raba wa ɗalibansa na ajin ƙarshe su karanta kafin su taɓa littattafan biyu. Ya haɗo masa da kwafi ɗaya.

Tawadar ta yi dishi-dishi, layukan sun karkace, amma sunansa na nan a sama, ana iya karanta shi ba tare da an matso ba. Malam Uwaisu ya kai rumfa. Dabo ya juya takardar gaba da baya, ya tambaya ko an ambace shi. Aka ce yana shafi na bakwai, inda aka yi maganar gayya. Ya ce to a karanta masa wurin, a hankali, kuma a ɗaga murya don Nababa ya ji.