Cafar Tubali

Shekara goma sha tara ƙanena Muhtari ya yi a Jidda yana gyaran na'urar sanyaya ɗaki. Ya dawo Zurmi da tumbi da kyamara da wani ra'ayi, wai zai tayar da gidan mahaifinmu yadda yake a da, da ƙasa da azara, ba ruwansa da siminti. Ni Kubura, da ban taɓa barin gidan ba, ni ya zaunar yana yi wa bayanin darajarsa.

Satin farko yawo ya yi ta yi. Ya je Kaura Namoda ya ɗauki hoton tashar jirgin ƙasa, ya je Shinkafi ranar kasuwa, ya tsare tsofaffi yana tambayarsu tarihi da Hausarsa da ta gauraye da Larabci. Na ce masa garin da ya bari ba shi ya tarar ba. Yanzu ko sabon takalmi mutum ya saya sai ya ɓata shi kafin ya fita, don akwai masu kai wa 'yan bindiga labari daji. Dariya ya yi, ya ce tsoro ya yi mini yawa. Na ji haushi ƙwarai, amma ya zan yi? Cikin mu bakwai shi kaɗai ya rage mini.

Ya ɗauko Audu magini da leburori huɗu. Audu na bisa katanga, su suna ƙasa suna jefa tubali daga hannu zuwa hannu har ya kai gare shi, kowa na cafewa da hannu ɗaya ba tare da ya ko duba ba. Muhtari yana gefe cikin farar jallabiya, yana ɗaukarsu a waya.

Ranar Laraba bayan azahar muka ji babura, sai harbi a bakin unguwa. Babu hanyar gudu. Na fizge jallabiyar daga jikinsa, na tura shi ramin kwaɓin ƙasa, na shafe shi da taɓo tun daga gashi har ƙafa. Audu ya diro, ya tsayar da shi cikin leburori, ya gargaɗe shi kada ya kuskura ya buɗe baki.

Su shida suka shigo. Babbansu, wani dogo mai rawani, ya ce, "Ina ɗan Makka mai gidanga?"

"Ya tahi Kaura tun da sahe," in ji Audu. "Mu 'yan aiki na."

Dogon ya kai masa gindin bindiga a baki, haƙora biyu suka faɗo. Sannan ya tsaya yana kallon mutum biyar ɗin nan da taɓo ya mayar iri ɗaya. Ya sunkuya ya ɗauki tubali, ya jefa wa na farko. Ya cafe da hannu ɗaya. Na biyu ma haka. Ni kuwa na riga na gane abin da yake yi.

Da aka zo kan Muhtari, hannu biyu ya miƙa, ya runtse ido, ya rungume tubalin a ƙirji kamar jariri. Tubalin ya rushe a jikinsa.

"Ni ma na yi leburanci," in ji dogon. Ya juya ya harbi Audu a gwiwa saboda ƙaryar da ya yi.

Biyu suka fara jan Muhtari zuwa zaure. Na kama ƙafarsa, na ƙi saki. Suka shure ni a ciki, na ƙi saki. Ɗaya ya zaro adda ya sare ni a damtse, jini ya yi tsartuwa har bango. Muhtari, wanda ko kaza bai iya yankawa, ya ƙwace ya ɗauki shebur ya fasa wa mai addar kai. Harsashi uku suka sa masa. Ya faɗi a bakin ramin kwaɓin, suka ɗauki nasu suka fita, ko tsinke ba su taɓa ba.

Na ja jiki na ɗora kansa a cinyata. Na sa bakin zanena ina goge taɓon da na shafa masa da hannuna, amma ya riga ya bushe a gemu da gira, ya ƙi fita. Audu na nishi a gindin katanga. Da ƙarar baburan ta yi nisa, maƙwabta suka fara shigowa ɗaya-ɗaya. Malam Shamsu, limamin unguwarmu, ya durƙusa ya duba gawar, ya yi salati, ya tambaye ni wanne ne cikin leburorin, don a aika wa danginsa.

Na ce, "Malam, ba inda za a aika. Ni ɗai ta danginai."