Man Da Ya Fi Ƙarfin Tsohuwa

Mijina yana da wata mota da ta girmi aurenmu, shi da kansa yake ce mata Tsohuwa. Tun da na san ta baƙin mai mai kauri take sha, kuma ba ta taɓa ɗigar da ko ɗigo ba. Sai ranar nan ya shigo yana washe baki da galan mai walƙiya, wai mai ne na zamani, tsinkakke kamar ruwa, irin wanda ake zuba wa sababbin motoci. Ya ce ita ma ta ɗana daɗi.

Ba a yi mako ba ta fara yoyo. Bakanike ya leƙa ya ce robobin da ke toshe bakin injin sun bushe tuntuni, daskararren dattin tsohon mai ne ya rufa musu asiri, sabon kuwa ya wanke shi tas. Ko an koma mai kauri, sai an sauke inji an canja su.

Ga shi mai gidan da muke haya, wanda yara ke kira Baba Tsafta, bai daɗe da shimfiɗa farin tayil a tsakar gida ba. Ya riga ya gindaya sharaɗi: motar da ta ɓata masa tayil, titi za ta kwana. A titinmu kuwa madubin mota ba ya kwana biyu ba a sace shi ba.

Wata safiya mijina ya fita da motar, ya manta bai goge man da ta ɗigar a kan tayil ba, sai ga Baba. Na yi wuf na taka tabon da silifas, na tsaya ƙyam. Na gaishe shi, na tambayi gwiwarsa, na tambayi jikokinsa ɗaya bayan ɗaya. Da tsohon ya samu mai saurare, sai ya ja kujera. Ƙafata har ta yi tsami.

Ana cikin haka na jiyo ƙaurin girkina. Na kwasa a guje, baƙin sawu na bin bayana har ƙofar kicin.

"'Yata," in ji Baba, "ke ma yoyon kike yi?"

Da yamma mijina ya ajiye motar a titi. Ya kwance madubai biyun, ya shigo da su rungume a ƙirji, ya rasa inda zai sa. Na so in yi masa tas, wallahi sai tausayi ya kama ni. Na kwashe kofuna daga kan kanta na ba su wuri.