Ba a Gyara wa Kawu Magana

Kai ma ka ga irin saƙon nan a zauren danginku na waya. Ka san ƙarya ce, ka wuce abinka. To, ji abin da irin shirunka ya jawo a gidan su Leutu.

Aikin Leutu a Apia, wani birni a kan tsibiri, shi ne bin sawun jita-jita da kwamfuta. Ta zana mutanen tsibirin ɗigo-ɗigo, duk wanda ƙarya ta kama sai ya koma ja. Lissafinta ya nuna in mutum ɗaya a kowane dangi ya ce ba haka ba ne, jan ba ya nisa. Abokin aikinta Tavita ya yi dariya, ya ce da ganin kwamfutar nan ba ta taɓa durƙusawa gaban babba a dangi ba.

Ana tsakiyar annobar ƙyanda sai Kawu Faleolo, mai sarautar danginsu da ke zaune a Auckland can ƙasar waje, ya turo wa zauren dangin bidiyon wani mai magani: wai allurar rigakafi ce ke kashe yara, ruwan ganye ya wadatar. Akwai malaman makaranta a zauren, har da ma'aikaciyar jinya. Kowa ya tura amin. Washegari Sefulu, ƙanwar Leutu, ta fasa kai jaririnta allura.

Leutu ta mayar da amsa cikin ladabi, da hujjoji. Ran Lahadi, ana cin gwaza da kifi bayan coci, mahaifiyarta ta ja ta gefe.

"Ke, digirin ne ya kai ki gyara wa kawunki magana a gaban yara?"

"Mama, jaririn nan fa zai iya mutuwa."

"Rufe min baki. Maza ki ba shi haƙuri."

Ta ƙi, aka cire ta daga zauren. Ma'aikaciyar jinyar ta kira ta a ɓoye ta ce wallahi gaskiyarta, amma kada ta ambaci sunanta. A ofis Leutu ta rage masu musun zuwa sifili a kwamfutarta, tsibirin ya rine ja gaba ɗaya. Sefulu kuwa ta daina ɗaukar wayarta.

Sai da jaririn ya fara numfashi da ƙyar aka kai shi asibiti. A ƙofar gida aka binne shi. Kawu ya zo da kansa, ya yi doguwar magana kan ikon Allah, kowa ya sunkuyar da kai. Leutu ce ta kai masa abinci.

Buɗe wayarka yanzu. Nemo saƙon da ka tsallake, ka rubuta ƙarƙashinsa cewa ƙarya ne, da sunanka, ko wa ya turo shi.